Siton Mai Kwaɗo

Akwai wata malama da ke riƙe da aji biyar a wata makarantar firamare, karatu da lissafi duk a wuyanta suke. Yara cike da aji har bakin ƙofa, amma kayan koyarwarta bai wuce allo da guntun alli ba. Littafin karatu guda ɗaya ne tal, shi ma nata ne, bangonsa ya daɗe da tafiya.

Abin takaicin, ba wai makarantar ba ta da kaya ba ne. Tana da su, masu kyau ma kuwa.

Wata ƙungiya ce ta taɓa kawo su a mota, kwali kan kwali. Akwai littattafan labarai masu hotuna, akwai ruloli da taswirar bango, akwai wasu faya-fayan katako da aka yanka gida biyu, gida uku, gida huɗu, don yaro ya riƙe rabi da sulusi da kwata a hannunsa ya gane abin da ake nufi. Ranar da aka sauke kayan nan yara har tsalle suka yi. Kafin a tashi daga makaranta, hedimasta ya sa an kwashe komai an zuba a sito, ya danna ƙaton kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Tun daga ranar yara suka raɗa masa suna Mai Kwaɗo.

Shi dai wannan bawan Allah mutum ne mai son tsafta, amma tsaftar a gani a yaba. Farar rigarsa kullum a goge, turare kamar ya yi wanka da shi, hankici ba ya barin hannunsa. Idan yaro ya zo gaishe shi ya kuskura ya taɓa shi, a gaban yaron zai goge wurin yana yatsine fuska. Mutumin da aka ba amanar yara, amma yaran yake ƙyama. Tir!

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk ranar da za a yi baƙi, sai ya buɗe siton kaɗan, ya miƙa hannu ya jawo kwalin da ke bakin ƙofa. Kullum wannan kwalin ne, bai taɓa shiga ciki ba. A jera littattafan a kan tebura a cikin ledarsu, a ce wa yara su naɗe hannu.

"Wanda ya taɓa, jikinsa zai gaya masa!"

A ɗauki hoto, baƙi su tafi, a tattara a mayar. Bangon ofishinsa cike yake da waɗannan hotuna: yara suna murmushin dole a gaban littattafan da ba su taɓa ganin cikinsu ba. Duk sanda Malama ta shiga ofishin nan ta ɗaga kai, sai ta kawar da ido.

To a cikin ajin Malama akwai wata yarinya da ake kira 'Yar Tela. Ba ta fashi, ba ta makara, ita ce ke share allo, amma karatu ya ƙi ta. Idan an nuna mata kalma sai ta zuba mata ido kawai, hawaye su taru.

Wata safiya mahaifinta ya zo da kansa, tef ɗin awo rataye a wuyansa.

"Malama, na zo ne in gaya miki na gaji. Shekara biyar yarinyar nan tana sintiri, ban da sunanta ba abin da take rubutawa. Gara ta dawo shago ta koyi ɗinki, ko ba komai ta tashi da sana'a."

Yarinyar na tsaye a bayansa, ta damƙe bakin rigarta, idanu sun yi ja.

Malama ta ce, "Malam, ban ce ba ka da gaskiya ba. Amma ka ba ni wannan zangon kawai. In ya ƙare ba ta karanta maka labari ba, ni da kaina zan rako ta shago."

Tela ya ce, "Na ba ki. Amma ba hadda nake so ba, Malama. Kar a cusa mata abu a kai ta zo tana rera mini. Karatu nake so."

Yana fita, Malama ta nufi ofis.

"Yallaɓai, alfarma nake nema. Littafi ɗaya daga cikin na sito. Ɗaya tak. A aji za a karanta, kullum in dawo maka da shi."

Mai Kwaɗo ya dube ta ta saman ido. "Ki ba wa? Waɗannan yaran? Kin ga hannayensu kuwa? Wannan ya share majina, wancan ya dawo daga banɗaki. Kwana biyu za su mayar da shi tsumma."

"Yallaɓai, ai don su aka kawo."

"An kawo wa makaranta. Ni ne makaranta. Gobe masu kayan su dawo su tarar duk an yayyage, wa za a tambaya? Ke ko ni?"

"To ko faya-fayan lissafin nan, su ai katako ne, ba sa yagewa."

"Suna ɓata! Malama, mu da alli aka koyar da mu, kuma ga mu mun zama mutane. Ki ja mini ƙofa."

Ta fito tana jin kamar ta yi ihu. Malamin aji shida da ke bakin baranda ya ce mata, "Kin je roƙon littafi ko? Ai ko gobara ce ta tashi, sai ya tambayi wutar ko ta wanke hannu." Dariyar ma ta ƙi zo mata.

Amma ba ta zauna ba. Ta je wurin mai shagon unguwarsu ta roƙi tsofaffin kwalayen sabulu da na madara. Ta yanka su daidai tafin hannu biyu, ta riƙa rubuta labari a bayansu da manyan baƙaƙe, kowane kati layi uku ko huɗu. Labarin wata kyanwa ce da ta ɓata a kasuwa tana neman hanyar gida. Da gangan take tsayar da kowane kati a inda ya fi daɗi, don yaro ya ƙagu ya ga na gaba.

Lissafi kuwa, ta ce kowa ya tsinto marfin kwalba. A zuba sha biyu a kan tebur, a raba gida biyu, ga rabi. A raba gida uku, ga sulusi. Yaran da a da ke rantsuwa sulusi ya fi rabi yawa saboda uku ta fi biyu, sai ga su suna ƙirga marafa suna yi wa kansu dariya.

Ta ɗaura igiya daga wannan taga zuwa waccan ta rataye katunan. Lokacin hutun tara, yara na waje suna wasa, ita da 'Yar Tela suna ciki, yatsa a kan kwali, baƙi bayan baƙi. An sha wahala, ba ƙarya. Akwai ranakun da Malama ke komawa gida ta ce wa kanta ta ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinta.

Sannu a hankali bakin yarinya ya buɗe. Kati ɗaya, kati biyar, kati goma. Har ta kai ita ke bin Malama tana cewa, "Malama, kyanwar ta tsira daga karen? Don Allah ki ba ni na gaba."

Zango ya zo ƙarshe, saura mata katunan ƙarshe ta gama labarin. Sai ga sanarwa: ƙungiyar nan da ta kawo kaya za ta turo jami'arta, kuma ranar ta faɗo daidai da ranar da za a ba da hutu, ranar da Tela zai zo jin karatu.

Ana gobe baƙuwa za ta zo, Mai Kwaɗo ya fito zagayen azuzuwa. Yana leƙa aji biyar ya toshe hanci da hankici.

"Wannan aji ne ko juji? Kwalin sabulu? Marfin kwalba? A makarantata?"

"Yallaɓai, da su nake koyarwa."

"Da shara kike koyarwa! So kike baƙuwa ta ce mu mabarata ne? Maigadi! Kwashe duk wannan ƙazantar ka cinna mata wuta."

Malama ta sha gabansa. "Yallaɓai, don girman Allah, bari in kai su gida. Ko katunan labarin kawai ka bar mini. Akwai yarinyar da makarantarta ta rataya a kansu."

"In kika kai gida jibi za ki dawo da su. Na san halinki. A ƙone."

Aka tsinke igiyar, aka tattara aikin zango guda, aka kai bayan aji. Yara suka yi cirko-cirko a taga suna kallon hayaƙi. Shi kuwa ya tsaya nesa, yana kaɗe rigarsa kar toka ta taɓa ta. Allah wadaran wannan hali!

Malama ta dafa 'Yar Tela. "Kar ki damu, zan sake rubuta miki."

Yarinyar ta girgiza kai. "Waɗancan kaɗai na iya, Malama. Na saba da su. Wani ba zan iya ba."

Malama ta rubuta kalma mai sauƙi a allo ta ce ta karanta. Yarinya ta zuba wa allon ido, hawaye suka taru, kamar ranar farko. Malama ita kanta sai shakka ta kama ta: anya ba haddace katunan nan yarinyar ta yi ba? In haka ne, gobe shago za ta koma.

Washegari aka share makaranta fes. Mai Kwaɗo ya sa sabuwar farar riga, ya jawo kwalinsa na bakin ƙofa, aka jera littattafai a aji biyar cikin ledarsu, yara suka naɗe hannu.

Baƙuwar ta iso. Dattijuwa ce mai tabarau, tsohuwar malamar firamare, ba ta da yawan magana. Mai Kwaɗo ya nuna mata inda za ta tsaya a ɗauki hoto, ta wuce abinta kamar ba ta ji ba. Ta ɗauki littafi ɗaya, ta juya gaba, ta juya baya.

"Yaushe muka kawo muku waɗannan?"

Ya gyara tsayuwa, fuska cike da fara'a. "Shekara ta uku ke nan, ranki ya daɗe. Duba ki gani, ko ƙwarzane babu! Ledar ma ba a fasa ba. Ki zagaya duk makarantun da kuka ba wa, ba za ki sami wanda ya adana kamar ni ba."

Wai shi yabo yake jira!

Dattijuwar ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, ni idan na shiga makaranta, littafin da ya ji jiki nake nema. Wanda gefensa ya yi baƙi da yatsu, wanda aka liƙe bangonsa. Shi ke nuna mini ba mu yi asara ba. Ina sauran kayan?"

Murmushinsa ya ɗan ragu, amma bai karaya ba. "Suna nan daram a sito. Yadda kuka kawo su haka za ki same su."

"Mu je in gani."

Aka ɗunguma, malamai a baya, yara na leƙe. Ya zaro makulli ya buɗe kwaɗo. Ya so ya buɗe ƙofar kaɗan kamar yadda ya saba, dattijuwar ta sa hannu ta tura ta gaba ɗaya.

Innalillahi! Wani wari ne ya bugo su, warin ruɓa gauraye da fitsarin ɓera, irin wanda ke shiga har maƙogwaro. Malamin aji shida ya ja da baya yana kakarin amai.

Ashe kwanon rufin siton ya daɗe yana yoyo ta can ƙurya. Damina biyu ruwa na zuba a kan kaya, taga a garƙame, ba mai shiga, don makulli ɗaya ne kuma yana aljihun mutum ɗaya. Kwalaye sun kumbura sun yi baƙi, fumfuna ta lulluɓe su kamar gashi. Gara ta yi gini daga ƙasa har saman bango. Kashin ɓera ko'ina.

Dattijuwar ta nuna wani kwali. "Ɗauko mini wancan."

Mai Kwaɗo ya waiga yana neman maigadi.

Ta ce, "A'a. Kai ke riƙe da makulli, kai za ka ɗauko."

Ba yadda ya iya. Ya shiga yana ɗage ƙafa, ya rungumo kwalin. Yana ɗagawa gindin ya ɓalle. Wani baƙin taɓo mai yauƙi, wanda a da littattafai ne, ya kwararo masa daga ƙirji har takalmi. Kyankyasai suka watse, wasu suka haye hannun rigarsa. Jariran ɓera jajaye, ko gashi ba su yi ba, suka zubo a kan ƙafarsa suna motsi. Ya saki ƙara ya fito da gudu yana karkaɗe jiki, yana goga hankici, yana ƙara dame abin a farar rigar.

Faya-fayan lissafin nan da ya ce za su ɓata, dattijuwar ta ɗaga ɗaya, ya ruguje a hannunta. Gara ta cinye cikin ta bar fenti kawai.

Ba wanda ya yi dariya, har yara. Malama na tsaye hawayen baƙin ciki na zubo mata. Littafi ɗaya ta roƙa, ɗaya tak, aka hana ta, ga ɗaruruwa nan an ciyar da ƙwari.

Dattijuwar ta dubi Mai Kwaɗo daga sama har ƙasa ta ce, "Hannun yara kake ƙyama, ko? To ga waɗanda ka zaɓa ka ba wa littattafan nan, sun gode."



Aka koma aji biyar. Abin da ya tsira duk duniya shi ne na kwalin bakin ƙofa, waɗanda ke jere a kan tebura. Dattijuwar ta ce, "Yara, kowa ya fasa ledar ya buɗe."

Ba wanda ya motsa. Hannaye a naɗe, idanu a ƙofa.

Ta sake faɗa. Shiru. Wallahi wannan ya fi warin siton ciwo. An tsorata yara da littafi har sun ɗauka laifi ne taɓa shi.

Malama ta share fuska, ta ɗauki ɗaya ta yage ledar da ƙarfi yadda kowa zai ji, ta ajiye a gaban 'Yar Tela.

"Taɓa. Naki ne."

Yarinyar ta goge tafin hannunta a jikin riga, ta sake gogewa, sannan ta buɗe. Hoton wani yaro ne da jirgin ruwa na takarda. Ta daɗe tana kallon hoton. Ba wanda ya ce ta karanta. Yatsarta ce ta sauka da kanta kan layin farko, kamar yadda ta saba a kan kwali, sai aka ji muryarta ƙasa-ƙasa tana haɗa baƙaƙe.

Ta yi tuntuɓe a kalma ta uku, ta koma baya, ta wuce. Ta gama layi. Ta gama shafi. Ta juya da kanta.

Malama ta matso kusa tana bin yatsar da ido. Labarin nan yarinyar ba ta taɓa jin sa ba, balle a ce hadda ce.

Dattijuwar ta ce, "In littattafan suna kulle, da me aka koya muku?"

Aji ya ɗauka gaba ɗaya: "Da kwali! An ƙone jiya!"

"Lissafi fa?"

Sai aka ji ƙarar ƙarfe a kan tebura. Ashe bayan an tashi jiya yaran sun koma wurin tokar sun tsince marafan kwalbarsu, don wuta ba ta cinye su ba. Kowa ya zaro nasa daga aljihu, baƙi ƙirin. Dattijuwar ta ce a nuna mata kwata na sha biyu, nan da nan aka ware mata uku-uku a kowane tebur.

Da aka tashi, Tela na bakin ƙofar makaranta yana jira. Dattijuwar ta ce yarinya ta tafi da littafin gida. Malama ta rako ta.

Tela ya karɓi littafin ya jujjuya. Bai yarda da shafin farko ba, ya buɗe can tsakiya ya nuna da yatsa. "Nan."

'Yar Tela ta karanta. A hankali, tana tsayawa tana ci gaba, amma ta karanta. Ta kai ƙarshen shafin ta ɗago kai tana jiran hukunci.

Uban ya murza tef ɗin wuyansa. Can ya ce, "To kin tsaya mana! Jirgin ya nutse ne ko ya haye?"

"Baba, sai na juya."

"To juya!"

A tsaye a nan bakin ƙofa ta karanta masa har ƙarshe. Maganar shago ba ta sake tashi ba.

Da aka dawo hutu, ofishin ilimi ya riga ya ɗauke Mai Kwaɗo daga kujerar. Hotunansa aka sauke daga bango. Ƙungiyar ta sake kawo kaya, wannan karon kai tsaye cikin azuzuwa, a kan kanta marar ƙofa. Kafin shekara ta zagayo littattafan sun ji jiki, gefensu ya yi baƙi, wasu bangon ya saki. Duk wanda ya saki, 'Yar Tela ke kai wa babanta, ya ɗora a keken ɗinki ya bi bayansa da zare mai ƙarfi, ya ce a mayar a ci gaba da karantawa.

Malama ta yi murna, amma akwai abin da har yau ke ci mata rai. Yaran da suka wuce ta aji biyar a shekarun da siton ke kulle, wasu sun bar makaranta ba su iya haɗa kalma ba. Takan gamu da su a hanya, su durƙusa su gaishe ta. Su babu wanda ya dawo musu da komai.

Darasi: Abin da aka ba ka don amfanin wasu ba naka ba ne, amana ce, kuma kulle shi cin amana ne ko da ka kira shi adanawa. Littafi ya tsufa a hannun yaro ya fi ya ruɓe a sito. Kada ka ƙyamaci waɗanda aka ɗora ka domin ka yi musu hidima, kuma kada ka raina ɗan abin da ke hannunka, da kwali da marfin kwalba ma ana buɗe wa yaro ido. Ku tura wa malamai, shugabannin makarantu da iyaye, wataƙila akwai wani sito da ke jiran a buɗe shi tun bai ruɓe ba.